Hotunan ƙwaƙwalwa 36 a hannu: da wane lissafi za a haɗa su?

Wata likita da ke neman ƙwarewa a fannin ɗaukar hoton jiki ta same ni a ofis bayan La'asar, kwamfutarta a hannu. Aikinta na kammalawa a kan yara masu sikila ne. Tana so ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 18 masu ciwon da na wasu 18 masu lafiya da na'urar MRI, ta ga inda suka bambanta. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Malam, don Allah a taƙaice, SPM zan koya ko FSL? An ce min ma AFNI ya fi su."

Na ce, "Likita, awo za ki je yi Dawanau, kina tambayata motar da za ki hau. Kowacce za ta kai ki. Abin da za ki auno ne ba ki faɗa min ba."

Manhajojin nan uku na nazarin hoton ƙwaƙwalwa duk dattawa ne. Karl Friston ya fito da SPM a Landan a 1991, Robert Cox ya fara AFNI a Amurka a 1994, FSL kuma ta fito daga Jami'ar Oxford a 2000. A yau kusan duk abin da ɗaya ke yi sauran ma suna yi. Zaɓin gaskiya yana ƙarƙashinsu, kuma tambayoyi uku ne da ɗalibai ke cakuɗawa wuri guda: a kan su wa kake son yin magana, daga ina ƙimar p ɗinka za ta fito (lambar da ke nuna yiwuwar sa'a zalla ta haifar da sakamako irin naka), kuma yaya za ka yi da tarin gwaje-gwajen da kake yi a lokaci ɗaya.

Kafin a kai nan, an riga an daidaita ƙwaƙwalwar kowane mutum a kan ma'auni ɗaya, galibi taswirar MNI152 ta cibiyar nazarin jijiyoyi da ke Montreal, an yanyanka ta ƙananan tubala da ake kira boksel. Idan kowane tubali milimita 2 ne ta kowane ɓangare, ƙwaƙwalwa guda tana ɗaukar sama da 200,000. Kowane mutum yana ba da taswira ɗaya: ta aikin ƙwaƙwalwa idan fMRI aka yi, ta yawan tokar ƙwaƙwalwa idan siffa ake aunawa, ko ta lafiyar fararen hanyoyin saƙo idan nau'in MRI da ake kira DTI ne. Lissafin rukuni shi ne a jera taswirorin nan a yi gwaji a kowane tubali.

Buhu uku ko buhu talatin

Tambayar farko ta fi sauƙi, don an daɗe da kashe gardamarta. Mai sayen gero da ya soki buhu uku sau ɗari-ɗari ya san buhunan nan uku ciki da waje, amma bai san komai a kan tirelar da aka sauke su daga ciki ba. Wanda ya soki buhu talatin sau ɗai-ɗai ya fi shi sanin tirelar. A fMRI kowane mutum yana ba da ɗaruruwan hotuna a zama ɗaya, sai a ji sha'awar a tara su duka a ce ai ga awo dubbai. Wannan shi ne lissafin da ake rubuta wa FFX, ni kuma ina ce masa lissafin 'yan gida, don mutanen da suka kwanta cikin na'urar kaɗai yake wakilta. Yana ba da sakamako mai ƙyalli, kuma mutum ɗaya mai ƙarfin amsa yana iya jan duk rukunin. Amfaninsa guda ne: haɗa zagaye biyu ko uku na mutum ɗaya kafin a hau mataki na gaba. Kada a kai shi inda za a ce "yara masu sikila suna da kaza".

Wanda ke ba da izinin magana a kan jama'a shi ne RFX, mai auna bambancin da ke tsakanin mutum da mutum. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Andrew Holmes da Friston suka bayyana a 1998: a karɓi lamba ɗaya daga kowane mutum a kowane tubali, a yi gwajin t na yau da kullum, mai kwatanta matsakaicin lambobi. Haka SPM ke yi a matakinsa na biyu, haka 3dttest++ na AFNI, haka zaɓin OLS na FSL.

Akwai kuma MFX, wanda ke ɗauko lambar kowane mutum tare da gwargwadon tabbacinta. Yaron da ya yi ta motsi, awonsa ya cika da hayaniya, sai a rage masa nauyi. Wanda ya kwanta lamo a ƙara masa. FLAME na FSL da 3dMEMA na AFNI, wanda Gang Chen da abokan aikinsa suka bayyana a 2012, su ne fitattu. A takarda MFX ya fi kyau. A aikace, Jeanette Mumford da Thomas Nichols sun nuna a 2009 cewa gwajin t mai sauƙi na rukuni ɗaya yana riƙe amana ko da tabbacin mutane ya bambanta, abin da ake asara kawai ɗan ƙarfin ganowa ne. Ni ina komawa MFX ne idan na ga bambanci mai yawa a ingancin awo, misali wani yaro ya kammala zagaye huɗu wani kuma ya fashe da kuka a na biyu. Ga masu auna siffar ƙwaƙwalwa kuwa maganar ba ta ma taso ba, don hoto ɗaya ne kowa ya bayar, babu tabbacin matakin farko da za a ɗauko.

Ƙimar p: daga littafi ko daga bayananka

A nan aka fi rabuwa, kuma a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi.

Hanya ta farko tana ɗaukar cewa bayananka suna bin wata siffa da aka sani, sai ta ciro ƙimar p daga dabarar lissafi. Matsalar ita ce gwaji 200,000 kake yi. Idan ka bar shingenka a 0.05, tubala kusan 10,000 za su haskaka ko da babu komai. Ko ka matse shi zuwa 0.001, kusan 200 za su tsallake. Craig Bennett da abokansa sun nuna wannan a 2009 ta hanyar da har yau ake dariyarta: suka sa mataccen kifin salmon cikin na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, suka yi lissafi ba tare da gyara ba, sai ga tubala 16 cikin 8,064 sun haskaka. Aikin ya samu kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012. Da suka yi gyaran da ya dace, kifin ya koma matacce.

Gyaran Bonferroni shi ne a raba 0.05 gida 200,000, a samu 0.00000025. Ya yi tsauri fiye da kima, domin tubalan da ke maƙwabtaka ba baƙin juna ba ne, abin da ya taɓa ɗaya yana taɓa na kusa da shi. Keith Worsley ya kawo mafita a 1992 da ka'idar da ake taƙaitawa RFT, wadda ke auna sumul ɗin taswirar ta ƙiyasta ainihin yawan gwaje-gwaje masu zaman kansu. Tana da sauri, daƙiƙoƙi kaɗan ta gama. Amma tana da sharuɗɗa: sai an lailaye hoton sosai, faɗin lailayar ya kai ninki biyu zuwa uku na girman tubali, sai sumul ɗin ya bi wata siffa takamaimai, kuma tana son mutane da yawa. Idan rukuni ƙarami ne, a matakin tubali takan yi tsauri har ta kusa Bonferroni.

Hanya ta biyu ita ce garwayawa, wadda masu fannin ke ce wa famiteshan. Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya ga yadda ake naɗe takardu a jefa cikin hula a girgiza. Haka ake yi wa laƙabin "mai sikila" da "mai lafiya". Idan da gaske babu bambanci, laƙabin ba shi da ma'ana, kowa zai iya ɗaukar kowanne. Sai a cire su a garwaya a sake rabawa, a yi lissafin duk ƙwaƙwalwar, a rubuta lamba mafi girma da aka samu a ko'ina cikinta. A maimaita sau 5,000. Yanzu kana da jerin manyan lambobin da sa'a zalla ke iya haifarwa a cikin bayananka, da hayaniyarsu da sumul ɗinsu yadda suke. Idan lambarka ta gaskiya ta shiga cikin kashi 5 na ƙoli, ta tsira. Da yake mafi girma a duk ƙwaƙwalwar ake ɗauka a kowane zagaye, gyaran tarin gwaje-gwaje ya zo a ciki ke nan, ba sai an nemo shi daban ba. Nichols da Holmes sun shimfiɗa wannan dalla-dalla a 2002. A FSL sunan kayan aikin randomise, a SPM akwai SnPM, AFNI ta ƙara wa 3dttest++ zaɓin Clustsim, sannan ga PALM na Anderson Winkler don tsare-tsare masu sarƙaƙiya.

An daɗe ana ganin garwayawa kamar abin masu yawan tsoro ne, har shekarar 2016. Anders Eklund da Nichols da Hans Knutsson suka ɗauki hotunan mutane 499 masu lafiya waɗanda ba aikin komai suke yi cikin na'ura ba, suka riƙa raba su rukuni-rukuni da ka, suka yi lissafin rukuni kusan sau miliyan 3. Tunda babu wani bambanci na gaskiya, kamata ya yi a ga sakamakon bogi sau 5 cikin 100. A matakin tubali manhajojin uku sun riƙe amana, har ma sun wuce gona da iri wajen tsauri. A matakin curi kuwa, wato idan tarin tubalan da ke manne da juna ake gwadawa, wasu saituna sun kai kashi 70. Dalilin shi ne hayaniyar fMRI tana da dangantaka mai nisa tsakanin tubala fiye da yadda ka'idar ta zata, kuma sumul ɗin ba ɗaya ba ne a duk sassan ƙwaƙwalwa. Sun kuma gano wani kuskure da ya shekara 15 a cikin 3dClustSim na AFNI, wanda aka gyara a 2015. Garwayawa ita ce ta tsaya kusa da kashi 5 a mafi yawan gwaje-gwajen, musamman wajen kwatanta rukuni biyu. Jaridu sun yi ta kururuwar cewa bincike 40,000 sun rushe. Marubutan sun gyara jimlarsu da ta jawo wannan daga baya, Nichols ya ƙiyasta waɗanda abin ya fi shafa a kusan 3,500.

Kada a ɗauka garwayawa ba ta da nata sharaɗin. Tana buƙatar a ce mutanen za su iya musayar wuri. Likitar ta ce min, cikin jin daɗi, yaran masu lafiya ƙanne da yayyen marasa lafiyan ne, don iyaye sun fi yarda a haɗa su zuwa asibiti rana ɗaya. Dabara ce mai kyau, gida ɗaya, abinci ɗaya, makaranta sau da yawa ɗaya. Amma 'yan uwa suna kama da juna fiye da bare, don haka ba a jefa duka 36 cikin hula ɗaya. A cikin kowane gida za a musanya, tsakanin yaro da ɗan uwansa. Garwaya ta sake tana da hanyoyi sama da biliyan 9. Ta cikin gida tana da 262,144, kuma sun isa har da saura. Randomise da PALM duk suna karɓar irin wannan rabon. A garin da auren zumunci ya yi yawa, tambayar ko mahalarta dangi ne ya kamata ta shiga takardar rajista tun ranar farko.

Sharaɗi na biyu: marasa lafiya sun fi masu lafiya warwatsuwa, wani ciwon ya taɓa shi sosai wani ko alama. Idan rukunan girmansu ɗaya, wannan bai cika ɓata lissafi ba. Idan 25 ne da 10, yana ɓatawa, sai a nemi PALM a gaya masa kowane rukuni da nasa bambancin, ko a yi amfani da FLAME da rukunan bambanci daban. Sannan idan mutane sun yi kaɗan ainun, hular kanta ba ta da takardu. Gwajin rukuni ɗaya, inda ake juya alamar ƙari ko ragi ta lambar kowane mutum maimakon musanya laƙabi, idan mutum 5 ne yana da juyi 32 kacal, ƙimar p ba za ta taɓa sauka ƙasa da 0.031 ba. Ga rukunin da bai kai 20 ba, akwai dabarar lailaye bambanci da randomise da SnPM ke bayarwa, wadda ke ƙara ƙarfin ganowa, kuma ba a samunta a hanyar dabarar lissafi.

Saura maganar lokaci, wadda a Kano maganar wuta ce. Garwaya 5,000 kan kwamfutar cinya tana iya cin sa'o'i. Na taɓa barin aiki cikin dare, aka ɗauke wuta, batir ya mutu kafin asuba, na tarar da wayam. Tun daga nan nake gwada tsari da garwaya 500 tukuna. A 500, ƙimar 0.05 tana iya karkata da kusan 0.02 sama ko ƙasa. A 5,000 karkatar kusan 0.006 ce. Ta gwaji daban, ta rahoto daban, kuma ta rahoton a jingina ta da sola ko inbata.

Gida, unguwa, ko tsakaninsu

Tambaya ta uku ita ce a kan me kake yanke hukunci. Idan a matakin tubali ka yi gyaran FWE, mai tsare yiwuwar samun ko da bogi ɗaya a duk taswirar, duk tubalin da ya tsira za ka iya nuna shi da yatsa ka ce a nan ne. Tabbacinsa ya fi na kowa, ƙarfin ganowarsa ya fi na kowa rauni. Da yara 18 a kowane ɓangare, sau da yawa taswirar fayau za ta fito.

Matakin curi mataki biyu ne. Ka sa shinge na farko, tubalan da suka tsallake kuma suke manne da juna su zama curi, sannan ka tambaya ko girman curin ya wuce abin da sa'a ke haifarwa. Ya fi saurin ganowa, shi ya sa aka fi son sa. Amma abin da yake faɗa maka kaɗan ne. Kamar ka tsaya kan Dutsen Dala da dare ka ji kiɗa daga wajen Fagge: ka tabbata akwai biki a unguwar, ba ka san gidan ba. Curin da ya tsira yana nufin aƙalla tubali ɗaya a cikinsa na gaskiya ne. Idan ya mamaye sassa huɗu na ƙwaƙwalwa, ba ka da ikon ka ce duka huɗun abin ya shafa, ko da yake haka mutane ke rubutawa kullum. Choong-Wan Woo da Anjali Krishnan da Tor Wager sun yi wannan gargaɗi a 2014, suka ce kada shingen farko ya yi laushi fiye da 0.001. Tsohon saitin FSL na z 2.3, wato kusan 0.01, yana cikin waɗanda suka fi ɓaci a binciken Eklund idan aka haɗa shi da OLS. Da FLAME1 abin ya zo da sauƙi. Daga baya aka mayar da saitin 3.1. Wanda ya gaji tsohon fayil ɗin tsari daga wani babba a sashensu, ya duba wannan lamba kafin komai.

Abin da ya fi damuna da curi shi ne ƙofar da yake buɗe wa son zuciya. Ka gwada 3.1 ba ka ga komai ba, ka sauko 2.6, ka sauko 2.3, curi ya ɓullo, ka rubuta kamar dama can nan ka nufa. Stephen Smith da Nichols sun toshe wannan ƙofa a 2009 da TFCE. Maimakon shinge ɗaya, tana bi ta dukkan matakai daga ƙasa zuwa sama, tana ba kowane tubali maki gwargwadon tsayinsa da kuma goyon bayan da yake samu daga maƙwabta. Tana kama ƙanƙanin wuri mai ƙarfi, tana kama faffaɗa mai rauni. Ita kaɗai ba gyara ba ce, dole a bi ta da garwayawa. Kuma ba ta kuɓuta daga matsalar unguwa gaba ɗaya ba, tunda tubali yana iya tsira da ƙarfin maƙwabtansa. Ga DTI da ake bi ta hanyar TBSS, kayan aikin FSL na kwatanta fararen hanyoyin saƙo, ita ce abin da kusan kowa ke amfani da shi. Wani abu da ke rikita sababbi: randomise yana rubuta 1 a cire p, don haka 0.95 zuwa sama ake nema a fayil mai ɗauke da corrp a sunansa. Na ga wanda ya yi murnar tubala masu 0.04.

FDR alƙawarinta daban ne. Yoav Benjamini da Yosef Hochberg suka kawo ta a 1995, Christopher Genovese da Nicole Lazar da Nichols suka shigo da ita hoton ƙwaƙwalwa a 2002. FWE tana cewa yiwuwar a samu ko da bogi ɗaya a duk taswirar bai wuce kashi 5 ba. FDR tana cewa, a matsakaici, cikin abin da ka ayyana kashi 5 ne bogi. Idan tasirin ya bazu ko'ina, tana da karamci ƙwarai. Idan ɗan kaɗan ne, ba ta fi FWE da wani abin kirki ba. A matakin tubali ban cika son ta ba, don bogin yana iya zama wani tsibiri guda da za ka ɓata shafi biyu kana fassarawa. Inda take burge ni shi ne idan an raba ƙwaƙwalwa yankuna, kamar yankuna 68 na ɓawon ƙwaƙwalwa da FreeSurfer ke fitarwa.

Wannan ya kawo mu ga hanyar da ba ta da kwalliya amma ta fi dacewa da mu. Idan kana da dalili tun farko na zargin wasu wurare, ka auna su kaɗai. A sikila an san ƙananan raunukan da ba sa nuna alama sun fi taruwa a farin ɓangaren ƙwaƙwalwa mai zurfi, a iyakokin da manyan hanyoyin jini ke ƙarewa, musamman ta gaba. Yanki huɗu ko shida da aka zaɓa daga taswirar da kowa ya sani suna mayar da gwaji 200,000 zuwa 4 ko 6, kuma za ka iya ba da girman bambancin da tazarar tabbacinsa, abin da likita zai iya aiki da shi. Sharaɗin guda ne, kuma ba a sassauta shi: a zaɓi yankin kafin a ga sakamako. Wanda ya duba taswira ya zagaye inda ya fi haske sannan ya auna wurin, ya ci tuwo ɗaya sau biyu. Nikolaus Kriegeskorte da Edward Vul, kowa da tawagarsa, sun fallasa wannan ɗabi'a a 2009.

Abin da babu lissafin da ke gyarawa

Na tambayi likitar inda za a ɗauki hotunan. Ta ce marasa lafiyan a wuri ɗaya, masu lafiyan kuma wataƙila a wata cibiya mai zaman kanta da ta yi mata ragi. Na ce ta manta da ragin. Idan duk marasa lafiya a na'ura ɗaya suke, duk masu lafiya a wata, babu wanda zai iya raba bambancin ciwo da bambancin na'ura. ComBat, wanda aka aro daga nazarin ƙwayoyin gado Jean-Philippe Fortin ya shigo da shi hoton ƙwaƙwalwa a 2017, yana daidaita na'urori ne idan kowacce ta ga rukunan biyu. Jarabar tana da ƙarfi a nan, don na'urorin ba su da yawa. Wani ƙidaya da Godwin Ogbole da abokansa suka wallafa a 2018 ya samu guda 84 a duk Afirka ta Yamma, mafi yawansu a Najeriya, kuma akasari masu raunin maganaɗisu, waɗanda ba su dace da fMRI ba.

Sai maganar jini. Siginar BOLD, wadda fMRI ke dogara da ita, da Seiji Ogawa ya bayyana a 1990 ba aikin jijiya take aunawa kai tsaye ba, canjin iskar oksijin a cikin himogulobin take gani. Yaro mai sikila himogulobinsa ƙasa yake, jini kuma yana gudu a ƙwaƙwalwarsa fiye da na mai lafiya tun yana hutawa. Raunin sigina a wurinsa yana iya zama na jini kawai. Abin da ke fara zuwa rai shi ne a jefa himogulobin cikin lissafi a matsayin abin da za a cire tasirinsa. Amma idan kusan duk marasa lafiyan suna ƙasa, duk masu lafiyan suna sama, himogulobin da laƙabin rukuni sun zama abu ɗaya da suna biyu, lissafin ba zai iya raba musu gado ba. Abin da ya fi shi ne a duba alaƙarsa da siginar a cikin marasa lafiyan kaɗai. Shekaru, jinsi, yawan motsin kai, da girman ƙoƙon kai ga masu auna siffa, waɗannan su shiga, amma da mutum 36 kada a wuce uku ko huɗu. A kuma rubuta wa ke shan haidiroksiyuriya da wa aka ƙara wa jini kwanan nan. Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage, gwajin SPRING na rigakafin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila da wannan magani an yi shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitoci tare da Jami'ar Vanderbilt.

Yawan mutane kuwa lissafinsa ba ya ɓuya. Don a kama matsakaicin bambanci, rabin ma'aunin warwatsuwa, da ƙarfin kashi 80 a gwaji guda ɗaya tak, ana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni. Da 18 sai bambancin ya kusa cikakken ma'auni ɗaya, kuma wannan kafin a yi wani gyara. Scott Marek da abokansa sun nuna a 2022, da bayanan mutane kusan 50,000, cewa danganta siffar ƙwaƙwalwa da hali ko basira tsakanin jama'a yana buƙatar dubbai. Ciwon da ke barin rauni a zahiri tasirinsa ya fi wannan girma, don haka aikin likitar bai mutu ba. Amma shirinta na neman tubalin da ke tafiya da makin jarrabawar yara a duk faɗin ƙwaƙwalwa, na ce ta ajiye shi. Masu bin yara shekara bayan shekara kuma, inda wani zai zo sau uku wani sau ɗaya, hanyarsu daban ce: 3dLMEr na AFNI ko SwE.

Ta ce, "To Malam, idan na bi duk wannan, sakamakona zai zama daidai?" Na ba ta labarin binciken NARPS na 2020, inda aka ba tawaga 70 bayanai iri ɗaya da tambayoyi 9. Babu biyu da suka bi hanya ɗaya sak, kuma a tambayoyi da dama amsoshin eh da a'a sun rabu. Abin lura shi ne taswirorinsu na asali, kafin a sa shinge, sun yi kama da juna a mafi yawan tawagogin. Shi ya sa nake so a ɗora taswirar da ba a yanke ba a NeuroVault, rumbun taswirorin ƙwaƙwalwa na intanet, don rukunin yara 36 na Kano ya samu shiga lissafin da zai haɗa shi da na wasu wurare.

Abin da muka rubuta a shafi ɗaya kafin Magariba, muka sa kwanan wata, ta kai wa mai duba aikinta ya sa hannu: na'ura ɗaya ga kowa, babbar tambaya a kan yankuna shida na farin ɓangare da aka ambata da suna, gwajin bambanci tsakanin yaro da ɗan uwansa, da shekaru da jinsi da motsi a ciki, ƙimar p daga garwaya 5,000 a cikin gida. Duba duk ƙwaƙwalwa da TFCE zai zo a baya, a rubuta shi a matsayin leƙe. FSL ta zaɓa, don kyauta ce ga masu bincike kuma ba ta buƙatar lasisin MATLAB, manhajar da SPM ke gudana a kanta, da ake biya da dala, ko da yake SPM ma yana da nau'in da ke tashi ba tare da lasisin ba. Kwamfutarta Windows ce, sai ta fara girka WSL mai ba FSL damar gudana a kan Windows, kuma saukar da FSL zai ci mata data mai yawa, don haka ta ce za ta bari sai ta samu intanet ɗin sashensu ranar Litinin.